Ta Kusa da Ta Birni

A gidanmu ba ni ce mai maganar babbar 'yata ba. 'Yar fari ce, kuma a karkararmu, nan arewa da Kano inda gona take manne da gona, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta tsoma baki a zancensa gaban mutane. Haka na taso na ga mahaifiyata tana yi wa yayana, haka ni ma na yi, ban taɓa jin nauyinsa ba. Ƙari a kan haka, sunan surukata aka raɗa mata, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna. Sunan ya zama mini haramiya sau biyu. A sujada kaɗai nake ambatonsa, inda babu mai ji sai wanda ya ba ni ita.

Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Inna. Inna tana ce mata Takwara, ita kuma tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannen mijina mata suna kirana. In ina son ta ɗebo ruwa, ko da tana tsaye kusa da ni, sai in ce, "Inna, a ce wa 'yarki randa ta yi ƙasa." In ta zo ta ɗaya a makaranta Inna ce mai guɗa. Ni nawa shi ne in ƙara wa miyar ranar man shanu, in yi shiru. Na yi sakandare ta kwana kafin aurena, na san abin da ake nufi da zuwa ta ɗaya a aji mai cike da yara, amma ba a taɓa ji daga bakina ba.

Shekarar da ta gama sakandare tana cikin shekarun nan da komai ya yi wuya. Maigidana yana noman rani a bakin dam ɗin Watari, tumatir da albasa, sai man injin ban ruwa ya gagara, taki ya gagara, ya rage filin da yake nomawa. Shayi ya koma ba madara, daga baya ya koma sai ranar Juma'a. A gidajen suna aka daina dafa shinkafa, kowa ya sani, ba mai yi wa wani gori. Rumbu ya yi ƙasa tun bazara ba ta yi nisa ba, na koyi auna tsaba da ido ina cire ɗan abin da ba za a lura ba.

Cikin wannan hali ƙanin mijina ya shigo gidan da babur wata ranar da hantsi, bai ma kashe shi sosai ba ya fara sallama. Malamin sakandare ne a Bagwai, yara suna ce masa Baffa, ni ma da shi nake kiransa. Ya ce sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, kuma makin da yarinyar ta ci zai shigar da ita duk inda ta nuna da yatsa. Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ni ina wanke-wanke, na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke.

Jami'o'i uku ne ba su yi mana nisa ba, kuma kafin mako ya zagayo mun raɗa musu sunayen gida. Akwai ta Birni, babba, tsohuwa, wadda Baffa ya yi digirinsa a ciki. Akwai ta Kusa, sabuwa, da aka buɗe a gefen wani gari da ba ya wuce mota ɗaya daga Ɗambatta. Sai ta Masu-kuɗi, ta 'yan kasuwa. Tun farko ta Birni yarinyar ta zaɓa, amma Baffa ya ce akwai damar canjawa a shagon kwamfuta kafin a rufe, don haka a zauna a duba.

Ta Masu-kuɗi ba ta daɗe a zancen ba. Baffa ya ce mai maki irin nata suna yafe masa rabin kuɗin makaranta. Maigidana ya tambayi rabin da ya saura, aka faɗa masa, ya yi dariya har da tari.

"Ko gonar na sayar da injin a kanta," ya ce, "sai dai ta yi zango ɗaya ta dawo mu zauna."

"A bar wa masu ita," in ji Inna.

Saura biyu. Baffa bai ɓoye nasa ba. "Ta Birni suna gare ta, Yaya," yake ce wa maigidana. "Ka ajiye takardarta a kowane ofis, an san ta. Ta Kusa fa? Fentinta ma bai bushe ba." Maigidana mutum ne mai sanyin hali. Ya ce karatun na yarinya ne, ita za ta zauna a can ba shi ba, duk wadda ta zaɓa Allah zai rufa asiri. Amma na ga yadda yake shafa gemu idan aka zo maganar kuɗin mota.

Inna ce ta kawo abin da ba wanda ya yi tunani. Ta ce, "Yaushe aka fara kai yarinya gidan da mata ba su je sun gani ba? Ku maza zaure kuke gani. Wa ya ga makewayi? Wa ya ga inda za ta ɗora tukunya?" Baffa ya ce ai makaranta ce ba gidan miji ba. Ta ce, "Kwana za ta yi a can ko ba kwana ba?" Sai ta juyo inda nake ba tare da ta dube ni ba, ta ce idonta ya yi rauni, tana bukatar mai riƙe mata jaka. Na san abin da ta yi mini, ita ma ta san na sani. Allah ya saka mata da alheri.

Ta Birni muka fara zuwa. Muka yi sammako mu huɗu, ni da Inna da Baffa da yarinyar, zuwa Ɗambatta muka shiga bas, an matse mu kamar buhunan gero, Inna tana ta faɗa da yaron mota a kan gwiwarta. Ƙofar jami'ar kaɗai ta ishe ni kallo. Ashe gari ne guda, da titunanta da kasuwarta da a-daidaita-sahu suna kai da kawowa a ciki. Baffa ya shige gaba yana taku kamar mai zagaya gonar gado, yana nuna inda ya zauna lakca, inda ya ci wake da shinkafa, inda wani farfesa ya taɓa kiransa da suna.

"Kai ka gina ta ne?" Inna ta tambaye shi.

"Inna, ita ta gina ni."

"To ba ta gama ba, ta bar bakin a buɗe."

Na ga ɗakin karatu na littattafai mai hawa-hawa, na ga ɗalibai zaune a ƙasa a baranda suna bita, na ga wani zauren lakca da ya cika har wasu suna leƙe ta taga suna rubutu a kan gwiwa. Ba zan ɓoye ba, wani abu ya motsa a ƙirjina, irin wanda nake ji da can idan an buga ƙararrawar shiga aji. Amma da muka isa ɗakunan kwanan mata, Baffa ya tsaya a waje muka shiga mu uku, sai jikina ya yi sanyi. Bokitai ne a jere gaban fanfon da ba ya zubowa. Ɗaki ɗaya katifu har bakin ƙofa. Risho da tukwane a lungu, shanya ta rufe sama. Wata ɗaliba 'yar wajen Bichi ta ga tsohuwa, ta shimfiɗa mana darduma ta kawo ruwan leda. Inna ta yi mata tambayoyi kamar mai binciken asali. Ɗalibar ta ce malamai sun san aikinsu, wanda ya fita daga nan ya fita da abu a kansa, amma sai an jure. Ɗaki sai an yi sa'a. Yajin aiki in ya zo sai a kwashe kaya a koma gida, ba wanda ya san ranar dawowa. Tallafin karatu akwai, amma ba a ba sabon shiga, sai an ga sakamakon shekarar farko, a ɗauki waɗanda suka yi fice.

"Kafin nan fa?" in ji Inna.

"Kafin nan garin kwaki, Hajiya," ta ce tana dariya.

Da za mu fita muka bi ta gaban ginin da ake koyon haɗa magunguna. A nan na ga abin da Inna ba ta gani ba, Baffa kuma yana can gaba yana gaisawa da wani. Yarinyar ta rage tafiya. Ta tsaya jikin taga tana kallon kwalabe da ɗalibai masu fararen riguna, hannunta a kan ƙarfen tagar. Wata ta fito, sai ga 'yar da ba ta iya tambayar baƙo hanya ta tare ta da magana, suka daɗe tsaye. Ban ji abin da suka ce ba. Fuskarta na gani. Na tuna tun tana firamare ba a yar da 'yar takardar da ke cikin kwalin magani a gidanmu sai ta karance ta, kuma ita ce ke ware wa Inna ƙwayoyin hawan jini, na safe daban na yamma daban, tana yi mata faɗa in ta tsallake. Na kawar da kai kafin ta juyo.

Ta Kusa muka je bayan 'yan kwanaki, an yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi. Mota ɗaya, kafin Inna ta gama goronta mun isa. Gine-gine kaɗan ne, sababbi, gonaki kewaye da su, darbejiya ƙanana an dasa a layi an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ba hayaniya. Mai gadi ya gaishe da Inna har ƙasa. Matar da ke kula da ɗakunan mata ta zagaya da mu da kanta, ɗaki fes, gadaje kaɗan, kowa da wurin ajiye kayansa. Wani jami'i ya ji makin yarinyar ya gyara zama. Ya ce 'yan mata na ƙananan hukumomin da ke kewaye, in suka zo da maki irin wannan, ana ɗauke musu kuɗin makaranta, ɗaki kuma tabbas ne. Yarinyar ta tambaya a hankali ko akwai haɗa magunguna. Ya ce ba a buɗe ba tukuna, ana sa rai, amma akwai kimiyyar sinadarai, kuma ai 'yan uwan juna ne.

Baffa ya taɓe baki. "'Yan uwan juna, amma ba gado ɗaya suke ci ba," ya ce da muka fito.

Azahar ta same mu a can. Muka nufi masallacin mata, na murɗa fanfo sai ga ruwa, mai sanyi, da ƙarfinsa. Na yi alwala a tsanake, muka yi salla a kan tabarma mai tsabta, iska tana shigowa ta taga ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tuna layin bokitan can. Na ga a raina yadda in ta yi zazzaɓi za a aiko da safe, kafin azahar Inna tana kanta, ni ina riƙe da jaka. Bayan na shafa addu'a sai na ji bakina ya ce, ba da kowa nake ba, "Kai, wurin nan da sanyi. Mutum ya kwana hankalinsa kwance."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Inna tana jan carbi. Yarinyar tana naɗe hijabi, na ga hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Ban ɗauke shi komai ba a lokacin. Na manta cewa wanda bai taɓa jin ra'ayinka ba, ranar da ya ji guntunsa zai ɗauke shi da hannu biyu.

Aka sa zama ranar jajibirin kasuwar Ɗambatta, don washegari Baffa ya ɗauke ta su je shagon kwamfuta a tabbatar da zaɓi, ko a bar na da ko a canja. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Maigidana da Baffa a gefe guda, Inna a kan kujerarta 'yar tsugunno, yarinyar durƙushe a bakin tabarma. Ni ba ni da wuri a irin wannan zama. Ina bakin madafa ina tankaɗen garin tuwo, na ba su baya rabi, kunnena duka yana wurinsu.

Maigidana ya yi bisimilla ya ce, "To, kin gani da idonki. Wace kika zaɓa?"

Ta ce, "Ta Kusa, Baba."

Baffa ya cire hula ya ajiye a gwiwa. "Da wannan makin? Ke, wasu kuka suke su samu rabinsa. Sikolashif ɗin ne ya ruɗe ki? Kwas ɗin da kike so fa?"

"Baffa, sinadarai ma karatu ne."

"Ban ce ba karatu ba ne. Shi kike so?"

Maigidana ya ɗaga masa hannu, ya ce a bar ta ta faɗi dalilinta. Ta fara jerowa kanta a sunkuye, murya a daidaice kamar mai karanta hadda. Ta ce mota ɗaya ce. Ta ce an ɗauke kuɗin makaranta, Baba zai samu ya sayi taki. Ta ce akwai ɗaki, akwai ruwa. Maigidana yana gyaɗa kai, na ga kafaɗunsa suna saukowa, ban kuwa ga laifinsa ba. Sai ta ƙara da cewa, "Kuma wurin da sanyi. Mutum ya kwana hankalinsa kwance."

Rariya ta tsaya a hannuna. Maganata ce, ko kalma ba ta canja ba, har inda na ja numfashi. Wane mutum ne zai kwana hankalinsa kwance? Ba ita ba. Ni ce mutumin. Shekara da shekaru tana kawo sakamako gida ba ta ji na ce uffan ba, ranar da na buɗe baki sau ɗaya a kan abin da ya shafe ta, ta ɗauka umarni ne, ta ajiye tagar nan da fararen rigunan ta bi shi. Kuma ba wanda zai gane a wurin. Baffa yana zargin tallafi, maigidana yana ganin hankali ne da tausayin uba, shi ma akwai wannan a ciki. Gobe war haka an canja, an rufe.

Maigidana ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Na bi hanyar da na saba. Na ce, "Inna, a tambayi 'yarki ko akwai abin da take son karantawa a can."

Duk suka juyo, don ba a saba jin muryata a irin wannan ba. Inna ta dube ni ta ƙasan ido. Ta ce, "An tambaye ta, ta ce sinadarai. Takwara, ko ba haka kika ce ba?"

"Haka ne, Inna."

"To kin ji." Ta mayar da goro baki. Na daɗe ina tunanin ko da gangan ta rufe mini wannan ƙofar. Na tambaye ta bayan shekaru, ta ce ita ba ta tuna ba, tana murmushi.

Na ajiye rariyar. Gari ya bule mini zane, ban kaɗe ba. Na tako har bakin tabarma, na tsaya a kan yarinyar. Na buɗe baki in ce "ke", sai sunan ya fito, na yanka, wanda na saba faɗa goshina a ƙasa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Sau ɗayan nan ya isa.

Baffa ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi abin kunyar. Maigidana ya bar hannunsa a sama. Ni kuwa sai a lokacin na tuna sunan wa na kira, a gaban mai shi, a gaban 'ya'yanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na'am," in ji Inna. "Ga ni. Yau kuma ni za a kai jami'ar?"

Baffa ne ya fara fashewa da dariya, maigidana ya bi shi yana rufe baki da hannun riga. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba mu taɓa yi ba, idonta cike da ruwa. Tunda na riga na tsallaka, sai na ƙarasa.

Na ce, "Da ke nake. Abin da na faɗa a masallacin can, jin daɗin ruwa ne ya sa ni, ba zaɓi na yi miki ba. Na gan ki a jikin taga a Birni. Kwanciyar hankalina ba aikinki ba ce, akwai wanda nake roƙo ya ba ni. In ta Kusa kike so don kanki, Allah ya sa albarka, makaranta ce mai kyau. In don ni ce, ban karɓa ba."

Ta fashe da kuka, ta kifa kai a cinyar Inna. Inna tana bubbuga bayanta tana cewa, "Ji sakarya, da bakinki kamar na aku a ɗakina, a nan kin zama kurma. Faɗa wa ubanki gaskiya." Daga cikin zanen Inna muka ji ta ce ta Birni take so, tun tana aji uku take so, amma tana tsoron wahalar da za a sha.

Maigidana ya shafa gemu. Na san lissafin da yake yi, na san kuma abin da na ɗora masa. Daga baya ya ce, "Wahala muna cikinta ko kin je ko ba ki je ba. Gara mu sha ta a kan wani abu." Ya shafa fatiha, muka shafa. Na koma bakin madafa na ɗauki rariyata. Ranar tuwon ya yi gudaji, ba wanda ya ce komai.

Baffa bai kai ta shagon kwamfuta ba, tunda babu abin canjawa. Ya dai zo ya tsaya a ƙofar madafa ya ce, "Matar Yaya, ashe kina da murya?" Na ce ya matsa mini hayaƙi yana shiga idona. Kusan mako ban iya haɗa ido da Inna ba, ina kai mata abinci ina ajiyewa kaina a ƙasa, har ta gaji ta ce in na ci gaba da haka za ta fara kirana da sunan uwata mu yi daidai.

Ba a sha da daɗi ba, ba zan ce an sha ba. Zangon farko ba ta samu ɗaki ba, ɗalibar nan 'yar wajen Bichi ce ta matsa mata a katifarta. Ta ɗebi ruwa a layi, ta sha garin kwaki har ta rame, in ta zo hutu Inna tana taɓa wuyanta tana salati. Yajin aiki ya dawo mana da ita gida wata da watanni, ta zauna tana yanka tumatir muna shanyawa a kan rufi, littafi a buɗe gefenta an danne da dutse. A lokacin 'yar maƙwabtanmu da ta shiga ta Kusa tana ta wucewa aji-aji, ana kawo mana labari, wasu da kyakkyawar niyya wasu da wata. Akwai ranakun da na tambayi kaina ko na yi daidai, in je in yi alwala in yi nafila in dawo ban samu amsa ba. Maigidana bai taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba, ko a shekarar da ya bar rabin fili ba shuka.

Duk mai zuwa Birni daga garinmu sai na ɗaura masa ƙunshi: kuka, daddawa, yaji, garin ɗanwake, ƙuli-ƙuli in an samu. In ce, "A ce mata daga Inna." A shekara ta biyu Baffa ya sake shigowa da babur bai kashe ba, ya ce sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauke wa kuɗin makaranta saboda sakamako. Inna ta yi guɗa da muryar da ta rage mata. Man shanu ya gagara a lokacin, sai na soya albasa da ɗan man gyaɗa na zuba a miya.

Ƙaninta da ya taso ta Kusa ya zaɓa, don noma yake so ya karanta, kuma a nan suka fi ƙarfi. Darbejiyoyin can sun girma har suna inuwa. Shi na yi masa magana baki da baki, na yi masa faɗa, na yaba masa, ba kunya tsakaninmu. Baffa har yau yana ce wa makarantar tasa mai ɗanyen fenti, yaron yana ce masa ai ta Birni ko ruwan wanke fentin ba ta da shi.

Ranar da yarinyar ta gama karatu, mata suka cika gidan suna yi wa Inna barka. Inna ta sha sabon lulluɓi ta zauna a tsakiya tana karɓa, tana ba da labarin yadda ta je da ƙafarta ta duba makarantar kafin ta yarda. Ni ina madafa ina kwasar tuwo. Wata ta leƙo ta ce, "Ke ba ki ji abin da ake yi ba?" Na ce na ji hayaniya dai. Hayaƙi ya taimake ni ranar, duk wanda ya ga idona ya san dalili.

Yanzu tana aiki a ɗakin magani na wani asibiti, tana zuwa gida in ta samu hutu. Zuwanta na baya-bayan nan ta zauna a ɗakin Inna tana ware mata ƙwayoyi kamar da, ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Ta lura da yadda nake dafa bango in zan tashi. Ta zaro wani ƙaramin kwali daga jaka ta ajiye a kan tabarma, tsakanina da ita.

"Inna, a ce wa Yaya na gwiwa ne. Bayan abinci, kada ta sha da yunwa."

Na ce, "Inna, a ce mata an ji. Allah ya yi albarka."

Inna ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Ni dai na gaji da aike. Ranar nan da kika kira sunanmu ai ba ta bakina kika bi ba."

Na ɗauki kwalin na sa a bakin zane, na ci gaba da tsintar shinkafata.